Bas ɗin da za ta iya da kiɗan metal, ta kuma iya da hunturun Yamai

Kawu, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Yantala a nan Yamai, gyaran waya ne sana'ata. Shekara uku ke nan ina kaɗa jitar bas. Wadda nake da ita ta hannu ce, mai tsirkiya huɗu, ko sunan kamfani babu a kanta. Da ita nake bin wani orkes zuwa gidajen biki Asabar da Lahadi, amma abin da ke raina shi ne kiɗan metal, wato kiɗan rok mai nauyi da ƙara, kuma mu huɗu muka haɗu muna yi: ni, masu jita biyu da mai ganga. Damuwata biyu ce: da zarar jita biyun sun ɗauka ba a ƙara jina, kuma in na sauke tsirkiyar Mi, wadda ta fi kauri, zuwa sautin Re ko Do sai ta yi lakwas tana dukan wuyan jitar. Na tara jaka 350. Ɗan yayan mahaifiyata da ke Faransa zai zo nan da wata biyu, ya ce in zaɓa ya sayo mini. Na ga wata baƙa mai tsirkiya biyar, mai tsinin kusurwa, mai aiki da pil, amma za ta cinye kuɗin duka. Abokaina sun ce ita ce ta metal. Inna kuma ta daɗe tana cewa in tara in sayi babur, kuma ba ta san da wannan maganar ba. Kawu, me zan yi?

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji daɗi da ka faɗi ciwon da sunansa. Bari in fara da abin da ka fi matsuwa ka ji: kada ka zuba jaka 350 ɗinka duka a kan waccan baƙar. Hotonta ka gani a waya, hannunka bai taɓa wuyanta ba, kafaɗarka ba ta san nauyinta ba. Kuma abubuwa biyun da ka yi kuka da su, ko ta zo, za ta iya zuwa ta same su ta bar su yadda suke.

Ɗauki maganar tsirkiya mai sakewa. Tsirkiyar Mi ta bas tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa guda. In ka sauke ta zuwa Re ta koma kusan 37, in Do ne kusan 33. Duk saukewar nan sassauta ta kake yi, kamar igiyar shanya da aka rage wa ɗauri, dole ta yi lilo. Yawancin bas suna zuwa da tsirkiyoyi masu lambar kauri 45 zuwa 105, kuma mai 105 ɗin don Mi aka yi ta. Wanda zai zauna a Re ya nemi mai 110, wanda zai kai Do ya nemi mai 120 ko kusa da haka, Si kuwa sai mai 130. Kauri ne ke mayar mata da ƙarfin da saukewa ta cire. Tsawo ma yana taimakawa: bas ta yau da kullum tsirkiyarta inci 34 ce, wajen santimita 86, wasu kuma kamar Ibanez BTB inci 35 ne, kuma wannan inci ɗayan ana jin sa a yatsa. Amma kafin ka kai ga tsawo, kwalin tsirkiya mai kauri ya isa ya rage maka rabin damuwar, a kan tsohuwar bas ɗin da ke jingine a ɗakinka yanzu.

Huɗu ko biyar? Amsar tana hannun masu jitarku. Je ka tambaye su inda suke tsayawa. In iyakarsu Re ne, ko Do jefi-jefi, tsirkiya huɗu ta ishe ka har ta yi saura. In ɗayansu yana da mai tsirkiya bakwai, ko kuna sauka har Si a yawancin waƙoƙinku, to biyar tana da hujja. Sai dai ka san abin da za ka ɗauko. Wuyanta ya fi faɗi. Tsirkiyar Si ɗin, wato ta biyar, ko ba ka taɓa ta ba, tana gurnani ita kaɗai in ba ka koyi danne ta da babban yatsa ba, kuma a kiɗa mai gudu wannan gurnanin shi ke dagula komai. Kwalin tsirkiyarta ya fi tsada, ya kuma fi wuyar samu a garin nan. Sannan a jitoci masu araha tsirkiyar Si ce ta fi fitowa da rauni. Tana kaɗawa sau 31 kacal a daƙiƙa, kuma bafil ɗin da ake haya a gidajen bikinmu, ka fi ni sani, ba su kai can ƙasa ba.

Ka duba manyan da suka kafa kiɗan nan. Geezer Butler na Black Sabbath, 'yan Birmingham a Ingila, Fender Precision ya riƙe lokacin faifansu na farko a 1970. Steve Harris na Iron Maiden har yau Precision ce a hannunsa, tsirkiya huɗu, babu pil, da yatsu yake sukuwar nan da kowa ya san shi da ita. Wannan jitar Leo Fender ya fito da ita a 1951, aka sa mata mikro mai rabi biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, a 1957, kuma tun daga nan fasalinta bai sauya sosai ba. Lemmy na Motörhead kuwa Rickenbacker ya yi ta duka da mediyato, wato ɗan fallen robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi. Ko abokanka ba za su ce waɗannan ba su yi nauyi ba. Tsinin kusurwa da baƙin fenti ado ne na ido. Wasu masu tsinin ma suna da wani hali mai gajiyarwa: da ka saki wuyan sai kan ya rinjaya ƙasa, ka wuni kana tallafe da shi da hannun da ya kamata ya yi gudu.

Yanzu maganar rashin jin ka, wadda ita ce ta fi damuna, domin na ga yara da yawa sun sayar da jita mai kyau saboda ita. Ba sai na shigo ɗakin da kuke gwaji ba, na san yadda maɓallan amplinka suke: na ƙasa a murɗe har ƙarshe, na tsakiya a kashe, na sama a ɗage. In kai kaɗai ne a ɗaki, sautin nan yana da daɗi, yana girgiza ƙofa. Amma da an haɗu, ƙasan naka ya faɗa cikin gangar ƙafa, saman naka jita biyu da farantan mai ganga su haɗiye shi, kai kuma ka zubar da wuri ɗaya tilo da ya rage maka. Muryar bas a cikin taro tana tsakiya ne, tsakanin kaɗawa 500 zuwa 1000 a daƙiƙa, sai kuma ɗan ƙarar ƙarfe da ke can sama wajen 2000 zuwa 3000, wanda tsirkiya ke yi in ta taɓa ƙarafan wuya. Satin nan, kafin ka kashe ko dala, mayar da maɓallan duka tsakiya, rage na ƙasa kaɗan, ɗaga na tsakiya har sai ka ji kamar sautin ya yi muni in kai kaɗai ne. Sannan ku ɗauka tare. Ka kuma roƙi masu jita su rage nasu na ƙasa, domin wurinka suke zaune. Za su yi gardama a ranar farko. Ku ɗauki gwajin a waya ta hanya biyun ku saurara a fada, gani ya kori ji.

Sabuwar tsirkiya ma tana da nata rabon a nan. Tsirkiyar da ta shekara tana shan gumi da ƙurar Yamai ta mutu, ba ta da sauran haske, kuma babu ampli da zai dawo mata da shi. Nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kaushin naɗi, su ne ke ba da wannan cizon. Ka riƙa goge su da ƙyalle duk bayan kiɗa, sama da ƙasa. Mu da can har tafasa su muke yi a tukunya in sun dushe, kuma yana dawo da su na ɗan lokaci.

Sai ƙazantar sautin da kiɗanku ke so. Wannan daga fedal take fitowa, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sauya sauti, amma ka kula: fedal ɗin jita in ka sa wa bas, yana cinye ƙasan ya bar ka da ƙara kamar ta zuma a kwalba. Wanda ya dace da kai shi ne mai maɓallin gauraya, wanda ke barin tsabtataccen sautin yana tafiya tare da mai ƙazantar. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 shi ne aka fi sani, na Darkglass daga Finlan sun yi suna a metal na zamani amma sun fi ƙarfin aljihunka a yanzu, Behringer BDI21 kuma an yi shi a kan tsarin SansAmp ɗin da kuɗi kaɗan. Irin wannan akwatin yana da mafita da ke shiga sono kai tsaye, wato ko a gidan biki zai yi maka aiki ranar da amplin haya ya ƙi.

Game da pil, bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Wata shekara muka je biki a Tawa, na tafi da bas mai aiki da pil wadda na aro, ina ta jin daɗin ƙarfinta. Bayan isha'i, fili ya cika, mata sun shigo rawa, sai na ji sautina ya fara tsartsatsi kamar ana suya, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Na duba waya, na duba ampli, duk lafiya. Pil ɗin nan mai kusurwa huɗu, mai bolt 9, shi ya ƙare. Muka tura yaro a kan keke ya zaga shagunan da suka rage a buɗe, ya dawo hannu wofi. Mai piyano ne ya ƙarasa daren yana riƙe mini ƙasa da hannun hagu, ni kuma ina tsaye a gefe da jita a wuya. Daga baya na gane dalili: tun yamma na bar wayar a soke a jikinta, kuma a irin waɗannan jitoci sokewar wayar ita ce kunna pil ɗin. Ban hana ka mai pil ba. Tana ba da ƙarfi, tana ba ka damar ɗaga tsakiya daga jikin jitar, kuma masu metal na yanzu da yawa ita suke so. Amma in za ka saya, ka fifita wadda ke da maɓallin da ke mayar da ita aiki ba tare da pil ba, kamar Yamaha TRBX504, ka kuma saba da cire waya da ajiye pil biyu a jaka.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara a ƙasashen sanyi ba za su tuna su gaya maka ba, wato iskar garin nan. Jita itace ce. An ƙera ta an ajiye ta a inda iska ke da laima, sai ta sauka a filin jirgin Diori Hamani ta shiga hunturu. Cikin makonni itacen wuyan zai tsuke, ƙarafan da ke jere a kansa kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo a gefe. Ka zura hannu da gudu ka ji ya karce ka kamar bakin gwangwani. Maganinsa ɗan goge baki da zarto mai laushi, sau ɗaya, a tsakiyar hunturu lokacin da suka gama fitowa. Wuyan kansa zai motsa, tsirkiya ta yi sama ko ta kwanta tana zizara, in damina ta shigo ya sake komawa. Don haka aka sa sandar ƙarfe a cikin wuyan, wadda ake murɗawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ka koyi wannan aikin da kanka, kai da kake kwance waya ka mayar ba zai gagare ka ba. Danne tsirkiyar Mi a ƙarfe na farko da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, ka duba tsakiya wajen ƙarfe na bakwai ko na takwas: ratar da ta dace kamar kaurin katin gayyata ce. Kwatan zagaye ɗaya ake murɗa sandar, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Ka gaya wa ɗan uwanka kada ya baro makullin a can, domin wasu jitocin ma'aunin inci ne, wasu na milimita, kuma makullin da bai dace ba yana cinye kan sandar.

Saboda wannan iskar nake son ka zaɓi mai wuyan da aka ɗaure da kusoshi a jiki, domin ana iya kwance shi a gyara zamansa ko a sauya shi. Wuyan da aka haɗa da itace fala-fala, kamar fala biyar na Ibanez SR da Yamaha TRBX, ya fi jure murɗewa. In bazara ta yi, zafi ya haura 40 yana neman 45, kada ka bar ta a mota ko a jingine da bangon da rana ke duka. Ta zauna a jakarta, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

To wace? In ni ne kai, da abin da ka faɗa mini, zan ɗauki mai tsirkiya huɗu marar pil, mai mikro biyu, ɗaya irin na Precision a tsakiya, ɗaya siriri a baya. Yamaha BB234 haka take, yayarta BB434 ma haka in an same ta ta hannu. Squier Classic Vibe Precision ita ma hanya ce mai kyau in sautin su Steve Harris ne a kunnenka. In hannunka ƙarami ne, ko gudu ne ya fi maka komai, Ibanez SR300E tana da siririn wuya, milimita 38 a sama, ba ta da nauyi, sai dai da pil take aiki. Na fi karkata ga BB saboda za ta yi maka metal ranar Alhamis ta kuma shiga gidan biki ranar Asabar ba wanda ya ɗaga gira.

Ga lissafin. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka jaka 350 ɗinka yuro 533 ne. Ware jaka 230, kusan yuro 350, don jitar. A kasuwar kayan hannu ta can wannan kuɗin yana kai mutum nesa fiye da a shago, amma da sharaɗi: ɗan uwanka ya je da wanda ya iya kaɗawa, su danna kowane ƙarfe a kowace tsirkiya, su murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi, su hango wuyan daga kai zuwa jiki a ga bai murɗe ba, su gwada sandar wuyan a tabbatar tana juyawa, su turo maka bidiyon duka ta WhatsApp kafin a biya. Jaka 80 kuma ta tafi ga tsirkiya kwali uku masu kaurin da muka ce, fedal, jaka mai soso, da ɗamara mai faɗi, domin bas wajen kilo huɗu ce kuma bikinmu ba ya ƙarewa da wuri. Jaka 40 ɗin da ta rage ka riƙe ta a nan saboda duwan, kuma ya taho da takardar sayen. Ampli kada ka sa shi a wannan tafiyar. Duk ranar da za ka saya, ka duba bayansa ka ga 220 ko 230, domin na Amurka 120 ne, kuma wutarmu tana ƙona shi nan take.

Tsohuwar kada ka sayar. Sa mata tsirkiyoyi huɗu masu kauri daga kwalin mai biyar, ka ɗan faɗaɗa ramukan da suke kwanciya a sama, ka ɗaure ta Si, Mi, La, Re. Ka sami bas ta can ƙasa ke nan, kuma bayan wata shida za ka san da gaske ko kana bukatar mai biyar.

Saura maganar Inna, kuma ban ajiye ta a ƙarshe don ta fi ƙanƙanta ba. Wanda zai sayo jitar ɗan yayanta ne. Ko ka so ko ka ƙi, labarin zai kai kunnenta, kuma in daga bakin wani ta ji, ciwon ɓoyewar zai fi na kuɗin. Ka same ta bayan la'asar lokacin da hankalinta ke kwance, ka zauna ƙasa, ka faɗa mata nawa ka tara da abin da kake son yi. Kai ka san abin da bikin Asabar da Lahadi ke kawo maka a wata, faɗa mata adadin, domin a idonta wataƙila wasa ne kawai kake yi da kuɗin guminka. Ka ce mata daga kuɗin biki za ka riƙa ware kaza duk wata don babur, ka ba ta ta riƙe, kuma ka cika. Ina zaton ma ba babur ɗin ne kaɗai a ranta ba. Uwa tana jin ƙarar da ke fitowa daga wayarka, tana ganin hotunan ƙoƙon kai a rigunan masu kiɗan, tana tambayar kanta su wa ɗanta yake bi. Kawo abokan nan uku su gaishe ta. Ta ga kuna ajiye jita in an kira salla, kuna tashi kafin maƙwabta su kwanta. In duk da haka ta ce a'a, to ka saya tsirkiya da fedal kawai a wannan karon, ka bar jitar. Ɗan uwanka zai sake zuwa, kuma na riga na nuna maka cewa da waɗannan biyun tsohuwar ma za ta yi magana.

Kada kuma ka raina bikin da kake bi. Awa huɗu kana riƙe da zagaye ɗaya ba ka kauce ba, wannan juriyar yatsa ita ce abin da masu koyon metal a ɗaki suke nema shekara da shekaru. Arka'n Asrafokor na Lome sun ɗora metal a kan gangunan gidansu, kuma an saurare su har wajen Afirka. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidajen biki kuma ya gina hannunsa. Abin da kunnenka ya sha na takamba da kalangu, ka shigo da shi ɗakin gwajin.

In jitar ta iso, kada ka taɓa sandar wuyanta sai ta yi sati biyu tana shan iskar ɗakinka. Bayan nan ka auna ratar, ka rubuto mini abin da ka gani da kuma inda masu jitarku suka tsayar da saukarsu, sai mu daidaita tsayin tsirkiyar tare. Ka gaida Inna.